Wa Ya Ci Zaɓen Kansila, Wa Ya Faɗi?

Ya kai mai karatu, ko a Tasawa kake, ko a Mayahi, ko a wani ƙauye na bakin Gulbin Kaba, ga tambaya zan yi maka, ka amsa a cikin ranka. Ran 13 ga watan Disamba na shekarar 2020 ka fito da sanyin safiya, ka shiga layi, ka jefa ƙuri'a, aka shafa maka tawada a yatsa. To, kansilan da ƙuri'arka ta kai majalisar komin ɗinku, mene ne sunansa? In ka san sunansa, sau nawa ka tsayar da shi a kasuwa ko a ƙofar masallaci ka tambaye shi inda kuɗin lanhonka suka shiga? Sau nawa ka taka zuwa ofishin magajin gari ran da majalisa take zama, ka samu wuri ka zauna, ka ji abin da ake faɗi da sunanka?

Kada ka yi saurin ba ni amsa. Ga tambaya ta biyu. Ran 4 ga watan Afrilu na 2024 Janar Abdurahaman Tiani ya sa hannu a kan dokar da ta rushe dukan majalisun da aka zaɓa, na komin da na birane da na jihohi, aka naɗa kantomomi a madadinsu. Ran da labarin ya iso ƙauyenku, wa ka ga ya yi tagumi? Wa ya ce an karɓe masa wani abu nasa? In mutum ya wayi gari ya tarar an kwance masa akuya, duk unguwa sai ta ji. Ga shi an ɗauke majalisa sukutum, mutane da yawa ko ɗaga kai ba su yi ba. Wannan shirun shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Abin da nake so in gaya maka shi ne, sakamakon zaɓe iri biyu ne. Akwai wanda hukumar zaɓe take karantawa a rediyo, jam'iyya kaza kujera kaza. Wannan a kwana biyu an gama shi, an yi guɗa, an buga ganga, kowa ya watse. Akwai kuma wanda ake ƙirgawa a hankali cikin shekara biyar: rijiya nawa aka gyara, aji nawa aka rufe da kwano, yaro nawa ya samu takardar haihuwa, rikici nawa aka kashe kafin a zare takobi. Na farko ƴan siyasa ne suke ci ko su faɗi. Na biyu kai ne kake ci ko ka faɗi. Mun daɗe muna rawa a kan na farko, muna faɗuwa a na biyu, ba mu ko lura ba.

Zaɓe biyar, majalisa uku

Bari mu waiwaya baya kaɗan, don wanda bai san inda ya fito ba da wuya ya san inda za shi.

Ran 7 ga watan Fabrairu na 1999, zamanin Shugaba Ibrahim Bare Mainasara, an yi zaɓen ƙananan hukumomi. Aka yi hargitsi wajen tattara ƙuri'u, Kotun Ƙoli ta soke sakamako a wurare masu yawa, ran 9 ga Afrilu kuma aka kashe shugaban. Majalisun nan ko zama ɗaya ba su yi ba.

Ran 24 ga watan Yuli na 2004, tsakiyar damina, zamanin Shugaba Tanja Mamadu, aka sake fita. A wannan karon abin ya tsaya. Aka raba ƙasa komin 265, guda 213 na karkara, 52 na birane. Gundumar Tasawa ta samu bakwai: Tasawa, Baudeta, Hawandawaki, Kona, Korgom, Maijirgi da Urafan. Gundumar Mayahi ta samu takwas: Mayahi, Attantane, El Alasan Mairairai, Gidan Amumun, Isawan, Kanambakashe, Sarkin Hausa da Cake. Mutanen Mayahi ma sun riga kusan kowa gwada wannan aiki, don tun kafin 2004 wani shirin raya karkara da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa ya kafa musu majalisun gwaji. Sababbin kansilolin ba su daɗe da hawa kujera ba sai ga yunwar 2005, wadda ta addabi jihar Maraɗi ƙwarai. Da hannu wofi suka tarbe ta.

A watan Disamba na 2009 an yi wani zaɓen, ƴan adawa suka ƙaurace masa. Ba a yi wata biyu ba, ran 18 ga Fabrairu na 2010, soja suka kifar da gwamnati, Salu Jibo ya naɗa kantomomi. Ran 11 ga Janairu na 2011 aka koma rumfar zaɓe. Wa'adin waɗannan kansilolin shekara biyar ne, amma aka yi ta ɗage zaɓe, ana ƙara musu kwana, har suka yi kusan shekara goma a kan kujera. Sai a Disamba na 2020 aka sake tambayarka. Waɗanda ka zaɓa a ranar kuwa ba su cika wa'adinsu ba.

Ka ƙirga da kanka. Zaɓe biyar cikin shekara 21. Biyu sun mutu tun a zanen goyo. Uku sun haifi majalisa. A 2004 jam'iyyar MNSD Nassara, mai mulki a lokacin, ita ta fi kowa yawan kujeru a faɗin ƙasa. A 2011 da 2020 PNDS Tarayya ce ta zo kan gaba. Yau babu Nassara, babu Tarayya, don a watan Maris na 2025 an rushe jam'iyyun siyasa baki ɗaya. Waɗanda ka yi gaba da maƙwabcinka saboda su, ka daina zuwa sunan ɗansa saboda launin tutarsu, sun tafi. Rijiyar da ta rufta tana nan inda take, maƙwabcin ma yana nan.

Me ke hannun komin?

Wani zai ce: "Malam, kansila wane ne? Zaɓen shugaban ƙasa shi ne zaɓe." Wannan magana ita ce mafarin asararmu.

Shugaban ƙasa yana Yamai. Tsakaninka da shi tafiyar yini guda ce cur a mota, in ma ka je ba za ka gan shi ba. Amma ran da matarka ta haihu, ba Yamai za ka ba neman takardar haihuwa, komin za ka. Yaron da ba shi da wannan takarda, ran jarrabawar lakkal zai san ya yi rashi. Lanhon da mai gari yake tarawa gida gida, asusun komin yake shiga. Tikitin da ake yanka maka ran kasuwa in ka kasa gero, ko wake, ko tabarmar kaba, da kuɗin da ake karɓa a kan kowace akuya da kowane sa a kasuwar dabbobi, da na tasha, da na mahauta, duk can suke tafiya. Filin da aka yanka a bayan gari aka sayar, a ofishin magajin gari aka buga masa hatimi.

Ga kuma maganar ƙasa. Mutanen gundumomin nan biyu, bisa ƙidayar 2012, kowace ta haura dubu 500, gonaki kuwa ba su ƙaru da taƙi ɗaya ba. Manomi yana matsa burtali, makiyayi yana neman hanyar da zai bi ya kai garkensa mashaya. Tun 1993 ƙasarmu take da dokar karkara, kuma a ƙarƙashinta akwai kwamitin kula da filaye a matakin komin, magajin gari ne shugabansa. Shi ya kamata ya sa a shata burtali, a kafa alama, a rubuta cinikin gona da jinginarta. Duk ɗan jihar Maraɗi da ya manyanta yana tune da abin da ya faru a Toda a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari. Irin wannan wuta tun tana ƙarama ake kashe ta, kuma wanda yake kusa shi ke kashewa.

A 2016 gwamnati ta fitar da doka ta miƙa wa komin wani sashe na aikin ilimi, da lafiya, da ruwan sha, da kula da muhalli. Wato ajin zana da iska take kwashewa duk shekara, da famfon da ya lalace tun bara, da ɗakin shan magani da ba shi da rufi, duk akwai hannun majalisar komin a ciki.

Yanzu ɗauko allonka mu yi lissafi, tun da ka koyi ƙidaya. A wurare da yawa lanhon mutum guda dala 140 ne a shekara. Mu ɗauki misali, a ce masu biya a komin ɗinku 20,000 ne. In kowa ya biya, an tara jika 14,000, wato sefa miliyan 14, ban da na kasuwa da na tasha. Cikin shekara biyar miliyan 70 ke nan. Kuɗin nan daga aljihunka suka fito, daga tiyar geron da matarka ta kai kasuwa. Kansila shi ne wanda ka wakilta ya zauna a kansu. Har yanzu kana ganin zaɓensa ƙaramin zaɓe ne?

Inda ƙuri'a take zurarewa

Tulu mai huda ko an cika shi da safe, kafin azahar ya koma rabi. Ƙuri'armu huda huɗu gare ta.

Huda ta farko a hannunka take. Ana saura kwana kaɗan zaɓe sai ga mota da lasifika, ga sabulu, ga gishiri, ga turmin atamfa, ga jika guda ana cusa maka a aljihu. Ka karɓa, ka yi godiya, har kana cewa ai kuɗinmu ne suka dawo. To, koma kan allo. Jika guda dala 200 ce. Raba ta shekara biyar, dala 40 ke nan a shekara. Kai kuwa cikin shekara biyar ɗin nan za ka biya lanho dala 700. Ashe ka sayar da bakinka a kan dala 200, don kada ka tambayi inda dala 700 ɗinka suka shiga. Ko a kasuwar ƙauye ba a yin irin wannan ciniki. Kuma wanda ya saya ya san ya saya. Ran da ka je masa da kukan rijiya, zai dube ka da idon wanda ya riga ya biya. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Huda ta biyu a jerin sunaye take. A zaɓen komin ba mutum guda kake jefa wa ƙuri'a ba, jerin ƴan takarar jam'iyya kake jefa wa, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowane jeri ya samu. Kai alamar jam'iyya kawai ka duba ka dangwala. Wa ya rubuta sunayen? Wa ya sa wane a sama, wane a ƙasa? Sau da yawa wani attajiri ne ko wani babban ɗan siyasa da ke zaune Maraɗi ko Yamai. Shi ya sa za ka ga kansila wanda rabonsa da kwana a ƙauyen da yake wakilta tun bikin ƙanwarsa. Ba ka tambayi sunayen ba kafin zaɓe, don me za ka yi mamaki bayansa?

Huda ta uku ita ce babba. Ba kai kake zaɓen magajin gari ba, kansiloli ne suke zaɓensa a tsakaninsu. Majalisar komin kuwa ba ta da yawa, daga mutum 11 zuwa 25 ne. Inda kujeru 11 ne, duk wanda ya samu mutum shida ya zama magajin gari. Sayen mutum shida ya fi sayen mutum dubu goma sauƙi. Wa bai ji labarin yadda ake kwashe kansiloli a ɓoye su a wani gari har ranar zaɓen magajin gari ba, don kada abokin hamayya ya riga ya gan su? Wa bai ji ana rantsar da su da Alƙur'ani a cikin ɗaki ba? Ta haka jam'iyyar da ta fi kujeru takan wayi gari ba ta da magajin gari, abin da aka karanta a rediyo daban, abin da ya hau kujera daban. In an kwana biyu kuma rabo bai yi daidai ba, sai ka ji an kawo takardar tsige magajin gari. A shekara ana wannan kokawa, damina ta zo ta wuce, ba wanda ya tuna da famfo.

Huda ta huɗu ita ce takarda. Kasafin kuɗin komin da faransanci ake rubuta shi. Rahoton zama da faransanci. Kansiloli da yawa a karkara ba su yi lakkal ba, wasu ko boko ko ajami ba su karantawa. Sai a karanta musu abin da aka ga dama, a fassara abin da aka ga dama, a ce su ɗaga hannu, su ɗaga, a ba su kuɗin zama, su koma gida. Mutum biyu ko uku da suka iya karatu su ne majalisar gaskiya, sauran rakiya suka yi. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ce majalisa ta zauna duk wata uku, kuma zamanta a buɗe yake ga jama'a. Ƙofa a buɗe, ba mai shiga. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ke ma mai karatu, da ke nake

Ƴar'uwa, kada ki ce wannan zancen maza ne. Ranar zaɓe layinku ya fi na maza tsawo a ƙauyuka da yawa, balle inda samari suka tafi cin rani. Ke kike jan guga a rijiya mai gaba talatin. Ke kike goya yaro ki yi tafiyar rabin yini zuwa likita. In komin ta yi aiki ke kike fara hutawa, in ta yi barci ke kike fara wahala.

Tun shekarar 2000 doka ta ware wa mata kaso a kujerun zaɓe. Da farko 10 cikin 100 ne, a 2014 aka kai shi 15, a 2019 aka kai shi 25. Wannan ci gaba ne, ba mai musu. Amma in an ɗauko matar wane ko ƙanwar wane an sa sunanta don a cika doka, ta zauna a bayan ɗaki shekara biyar ba ta ce uffan ba, me kika samu? A ƙauyenku akwai matan da suke riƙe da asusun adashi shekara da shekaru, ko dala ba ta taɓa ɓata ba. Akwai masu kula da bankin hatsi. Irinsu ya kamata su hau kujerar nan, kuma ku ne za ku tsaya kai da fata sai an sa su.

Masu cewa gara kantoma

Yanzu bari in juyo kan masu cewa: "Ai gara da aka rushe su. Kansiloli ɓarayi ne, faɗa kawai suka iya. Kantoma mutum guda ne, ba shi da jam'iyya, in ya ce a yi sai a yi."

Ba zan ce duk maganarsu ƙarya ce ba. An yi magadan gari da suka ci amana, an yi waɗanda gwamnati ta tuɓe saboda hannunsu bai tsarkaka ba. An yi majalisun da suka cinye kasafinsu a kuɗin zama da man mota. Gaskiya ne kuma akwai kantomomi masu tsoron Allah da ƙwazo. Sai dai a faɗi ɗaya gefen. Gwamnatocin da suka gabata sun ɗora wa komin kaya ba su ba ta jaki ba. An miƙa mata aikin lakkal da likita a takarda, kuɗin aikin kuwa suna zuwa a makare, in ma sun zo. Akwai magadan gari da kansiloli da suka yi iya ƙoƙarinsu da ɗan abin da ke hannunsu, ba wanda ya ce musu sannu.

Amma ga tambayar da masu son kantoma ba su amsawa. In kantoma ya yi kyau, alhamdu lillahi. In bai yi ba fa? Wa za ka kai wa ƙara? Ba kai ka naɗa shi ba, ba kai za ka sauke shi ba. Idonsa yana kan wanda ya aiko shi, don can ne ci gabansa yake. Yau yana Korgom, gobe an ɗauke shi an kai wata jiha, bai san wace rijiya ce take ƙafewa a watan bazara ba, bai san tsohuwar gabar da ke tsakanin ƙauye kaza da rugar kaza ba. Kansila kuwa, ko ya lalace, ɗan gari ne. Ka san gidan ubansa. Za ku haɗu a jana'iza, za ku haɗu a masallacin Juma'a, ƴarsa tana aure a unguwarku. Yana jin kunyarka ko bai so ba, kuma ran da wa'adi ya cika kana iya mayar da shi gona. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kakanninmu sun ga zamanin da komi daga sama yake saukowa, kumandan ya faɗa, sarki ya isar, talaka ya yi. Ba a tambayarsa, ba ya tambaya. Komin ita ce karo na farko da aka ce wa talakan Urafan da na Attantane: ga kuɗinka, ga mutanenka, ka sa ido. Don mun yi sakaci da wannan dama, sai mu ce a ɗauke ta har abada? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, magani kake nema masa.

Kada kuma wani ya ɗauka zaɓe shi kaɗai magani ne. Dubi maƙwabtanmu na Najeriya. A zaɓen ƙananan hukumomin jihar Kano na Oktoba 2024, jam'iyyar gwamna ta kwashe duka 44. A na jihar Katsina, a Fabrairu na 2025, jam'iyyar gwamna ta kwashe duka 34. Kowa ya san gari ba ya zama baki ɗaya haka. Amma a can ɗin ma, a watan Yuli na 2024, Kotun Ƙolinsu ta yanke hukunci cewa kuɗin ƙananan hukumomi a ba su kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Ciwon iri ɗaya ne nan da can: na sama ba ya son sakin kuɗi da iko, na ƙasa kuma bai iya riƙe nasa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya

A watan Maris na 2025 aka ƙayyade wa mulkin riƙon ƙwarya shekara biyar, kuma ana iya sake duba wa'adin. Ko ba jima ko ba daɗe za a sake kiran ka rumfar zaɓe, kuma haƙƙinka ne ka nemi a kira ka, cikin ladabi, ba tare da tsoro ba. Tambaya ita ce, wane irin mutum zai shiga layin a ranar? Wanda ya shiga a 2020, mai jiran jika guda? In shi ne, to ko sau goma aka yi zaɓe sakamakon ɗaya ne.

Shiri tun yau ake fara shi, kuma ba ya bukatar jam'iyya.

Na ɗaya, in ka biya lanho ko kuɗin kasuwa, karɓi takardar shaida, ka karanta adadin da aka rubuta, ka adana ta. Wanda ya karɓi kuɗinka bai ba ka takarda ba, aljihunsa ya zuba.

Na biyu, ku ƴan ajin yaƙi da jahilci, ku sayi littafi guda na ƙauye. Ku rubuta a ciki da Hausa: lanhon da ƙauyenku ya biya bana nawa ne, rijiya nawa gare ku, nawa suke aiki, yara nawa ba su da takardar haihuwa, wane alkawari aka yi muku, wa ya yi shi, a wace rana. Magana iska ce, rubutu kuwa ba ya mantuwa. Ran da mai neman ƙuri'a ya zo, a shimfiɗa masa tabarma, a ba shi ruwa, a buɗe littafin.

Na uku, ku je wurin kantoma, ku da mai gari da liman da shugabar mata, ku gaishe shi da girmamawa, ku ce: "Ranka ya daɗe, muna so a gaya mana abin da komin ta tara bara da abin da aka yi da shi, kuma a liƙa shi da Hausa a ƙofar ofis." Kuɗin jama'a ne, ko wa ke riƙe da su. Mai gaskiya zai yi murna da wannan tambaya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na huɗu, tun yanzu ku fara duba a cikinku wa ya cancanta. Wa aka ba ajiya ya mayar? Wa yake kwana a gari rani da damina? Wa ya iya karatu da lissafi, ko yake shirye ya koya? Ran da aka buɗe fage, ku ne za ku kai sunansa, kada ku jira a kawo muku jeri daga birni. Ku kuma gaya masa tun da wuri cewa duk zaman majalisa mutum biyu daga ƙauye za su bi shi su zauna su saurara.

Tun 1963 aka fara aikin yaƙi da jahilci a ƙasar nan. Waɗanda suka fara shi ba don mutum ya iya rubuta sunansa kawai suka yi ba. Sun yi ne don manomi ya karanta sikeli da kansa ran sayar da gyaɗa, kada a cuce shi. Sikelin yau shi ne kasafin komin. Wanda ya iya karanta shi, ba a sayen sa da sabulu.

Saboda haka in an tambaye ka wa ya ci zaɓen kansila a Tasawa da Mayahi, kada ka tsaya lissafa jam'iyyu. Ka je ka leƙa rijiyarku, ka leƙa ajin ƴaƴanka, ka tambayi matarka awa nawa ta yi a hanyar likita. Can sakamakon yake a rubuce. In bai yi maka daɗi ba, ka san da hannunka a ciki, ka san kuma da hannunka za a gyara.

Ka karanta wa wanda bai iya karatu ba. Allah ya ba mu shugabanni masu jin kunyarmu, ya ba mu zuciyar tambayarsu. Amin.